Mudun Gwaggo Sai-na-gani

A garinsu Gwaggo Sai-na-gani hanya ba ta wucewa. Zuwa take yi ta tsaya a ƙofar shago, ta juya ta koma inda ta fito. Motar kaya ɗaya ce ke bin ta, sau ɗaya a kwana goma idan rafi ya yarda, kuma duk abin da ta ɗauko yakan tsufa a hanya ya iso da girmansa. Gishirin da a birni ba a ko tayawa, a nan sai an yi shawara da maigida kafin a saya. Sabulu gida huɗu ake yanka shi. Ƙwai ne kaɗai bai yi tsada ba, don kajin na gari ne, su ma an fara yi musu wani irin kallo.

Mutanen garin sun daɗe da haɗa baki a kan cewa wani yana cutarsu. Wane ne, a nan ake rabuwa. Wasu sun ce Direba ne, wasu sun ce manyan 'yan kasuwar birni, wasu sun ce Mai Shago. Gwaggo ba ta wahalar da kanta da zaɓe. Duk ta haɗa.

Sunan ya bi ta ne tun haihuwarta ta fari. Ungozoma ta ce mata, "Barka, namiji ne." Ita kuwa tana kwance, ko numfashi bai gama dawo mata ba, ta ce, "Sai na gani." Aka miƙo mata jaririn ta duba, sannan ta amsa barkar. Mijinta, wanda ya yi shekara talatin yana gadin famfon gari, ya zauna da ita lafiya domin ya gane da wuri cewa ba a ce mata "na sayo", ajiyewa ake yi a gabanta a ja da baya. Da ya rasu, 'ya'yan suka watse zuwa garuruwan da hanya ke wucewa, ta zauna da keken ɗinkinta na hannu, tana facin riguna tana sa wa duniya ido.

Ita ce ta fara gano cewa ashana ta rame. Da can tsinke arba'in da takwas ne a kwali. Ta yi ta ƙirgawa shekara da shekaru har suka dawo talatin da uku, kwalin kuwa yana nan da girmansa. Kwalbarta ta man girki tana da zare ɗaure a wuya, daidai inda mai ya saba tsayawa. Mata sukan yi mata dariya da safe, da yamma su aiko a tambaye ta ko sukarin wannan zuwan ya cika.

Amma babban makaminta mudu ne, wani baƙin kwanon ƙarfe mai kauri, gadon mahaifiyarta. Inna, Allah ya jiƙanta, hatsi take saye a hannun manoman garin da kaka, ta tara, ta sayar wa masu mota, ta kuma sayar wa manoman kansu idan rumbu ya yi ƙasa. Mudu biyu gare ta, kife a bayan ƙofa, ba ta yarda a taɓa mata su. "Wannan na shiga ne, wannan na fita," haka take cewa. "Kada ki kuskura ki musanya min su." Gwaggo tana yarinya ta fahimci maganar sarai: ɗaya na cikin gida ne, ɗaya na fita da shi waje. Da aka zo rabon kaya ta zaɓi na shiga, don a ganinta bai sha yawo ba, bai sha hannun mutane ba. Na fita ya tafi gidan ƙaninta, kaji suka sha ruwa a ciki har tsatsa ta cinye shi.

Ɗan wannan ƙanin nata shi ne Mai Shago. Ita ta goya shi, ta kuma san shi tun yana ɓoye nama a kunci. Ɗakin shagon ba nasa ba ne, na ƙungiyar gari ne. Kwamiti ke ba da makulli ga wanda ya yarda da shi, ya karɓe ranar da ya daina yarda. Shekara goma sha ɗaya makullin yana aljihunsa, da shi yake ciyar da mace da 'ya'ya biyar. Shekara goma sha ɗaya kuma Gwaggo na zuwa da sassafe kafin mutane, ta ce a auna mata shinkafa mudu ɗaya. Ya auna da nasa ya juye a nata, sai a ga saura yatsa biyu ya cika. Ta dube shi. Ya ɗebo da hannu ya cika mata, ba ya cewa komai. Ta ɗauki shirun nasa a matsayin amsa laifi, kuma asirin gida ne, ta rufa.

A daminar da ake magana, rafi ya tafi da gada. Mota ta yi kwana ashirin da uku ba ta zo ba, da ta zo kuma mudun shinkafa ya tashi daga ɗari bakwai ya koma dubu ɗaya da ɗari biyar. A ranar, Gwaggo ta makara, allurar keke ce ta karye mata. Ta tarar da shago cike da mata, kowace riƙe da kuɗin da ba za su isa ba.

"Nawa ka ce?"

"Dubu da ɗari biyar, Gwaggo."

"Karatu shinkafar ta yi, ko da ƙafa ta zo?"

"Da ƙafar mutane dai ta ƙetare rafi. Kowane buhu sai da aka biya dako."

"Auna."

Ya auna, ya juye a baƙin kwano. Ya kai hannu zai cika kamar kullum, ta damƙe masa wuyan hannu.

"Bar shi haka. Ku matso ku gani. Ga tsada, ga tauye mudu. Wanne za mu ji da shi?"

Suka matso suka gani: yatsa biyu, a kwanon da duk garin ya sani, a hannun matar da ba a taɓa kama ta da kuskuren ƙirga ba. Kafin azahar magana ta kai gonaki. Kafin la'asar kwamiti ya zauna, Tsohon Hedimasta na shugabanta, aka yanke cewa Gwaggo za ta bi mota zuwa birni ta jiyo farashi da kunnenta, ta sayo sabon mudu da hannunta. Ranar da ta dawo za a gwada a gaban kowa. Idan na Mai Shago ya gaza, a ranar zai ajiye makulli. Mutum uku sun riga sun nuna sha'awar karɓa, biyu daga cikinsu 'yan kwamitin ne.

Mai Shago ya bi ta har ƙofar gida. "Gwaggo, da kin bar maganar nan. Don Allah."

"Tsoro kake ji?"

"Ina ji. Amma ba irin wanda kike zato ba."

Ta ajiye wannan ma a cikin hujjojinta.

Da asuba ta shiga gaban mota, mudun naɗe a zane a kan cinyarta. Direba ya leƙo yana goge hannu.

"Gwaggo, kin ƙirga tayoyin? Shida ne. Kada mu isa ki ce na sayar da ɗaya a hanya."

"Na ƙirga. Na baya na hagu ba ubansu ɗaya da sauran ba."

"Shi ne na huɗu da na canja bana. Hanyarku taya take ci, ba ta shan shayi."

"Kai kuma me kake ci?"

Suka ratsa rafi ba wahala, don motar ba kaya. Suka wuni suna girgiza, suka isa da yamma, ta sauka gidan 'yarta. Washegari ta shiga kasuwa kamar mai zuwa karɓar gado. Shinkafa ɗari takwas. Ta sa aka maimaita mata, ta tambayi rumfa huɗu, duk ɗari takwas. Daɗi ya kama ta irin wanda ke kama mutum idan mugun zatonsa ya tabbata. Ta sayi ƙaramin buhu, da niyyar ta kai shi gida da kanta ta nuna wa gari nawa ya kamata ya tsaya. Ta sayi ashana ta zazzage a kan teburin mai kanti ta ƙirga: talatin da uku. Wannan ya ɗan rage mata daɗi, don ta so a ce ɗan ƙaninta ne ke zare tsinkayen.

Daga nan ta nufi layin masu kwanuka. Ta ɗauki sabon mudu, ta cika da shinkafarta, ta juye a baƙin kwano. Saura yatsa biyu. Ta ajiye ta matsa gaba. Rumfa biyar, mudu biyar, duk yatsa biyu. Ta yanke cewa birnin gaba ɗaya ɓarayi ne, abin da bai ba ta mamaki ba, sai dai yadda suka daidaita satar ne ya burge ta.

A ƙarshen layin akwai wani tsohon maƙeri mai like tukwane. Ya daɗe yana kallonta.

"Baiwar Allah, me kike nema da ba ki samu ba?"

"Mudu mai gaskiya. Duk na layin nan tauyayyu ne."

"Kawo naki in gaishe shi."

Ta miƙa, amma ba ta saki gefen ba sai da ya ja. Ya kifa shi, ya shafa gindin da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne. Sannan ya ɗora shi a kan katako ya taɓa bakinsa. Kwanon ya yi ta rawa.

"Kin ga yana rawa? Mudun ƙwarai zama yake daram. Wannan an bubbuga gindinsa ne daga ciki, a hankali, har ya sauka ya yi tumbi. Aikin gwani ne, ko tabo bai bari ba. Yanzu ba a samun mai haƙurin yin irinsa. Wa ya bar miki?"

"Mahaifiyata."

"Saye take yi ko sayarwa?"

"Duka biyun."

"To ina ɗan'uwansa? Irin wannan ba ya tafiya shi kaɗai. Wannan na shiga ne, da shi ake karɓar hatsi a hannun manomi. Akwai na fita, mai gindi a ɗage, da shi ake sayarwa."

Gwaggo ta ji kalmomin nan biyu a bakin baƙo, kalmomin da ta ɗauka na bayan ƙofar ɗakinsu ne kaɗai. Ta buɗe baki, abin da ya saba fitowa ya fito, amma ba ƙarfi.

"Sai na gani."

Ya nuna mata. Ya kai ta wurin mai sikeli aka auna. Ta zargi sikelin, aka je wurin wani. Ta zargi na biyun da haɗa baki da na farkon, ta zaɓi na uku da kanta a can wani layi. Duk bakinsu ɗaya. Ta dawo ta sayi sabon mudu, ta ɗora shi a kan katako ta tura shi da yatsa. Ko motsi.

A hanyar dawowa ba ta tanka wa Direba ba, har ya tambaya ko ba ta da lafiya. Manoma take gani, tsugune a ƙofar gidansu shekara sittin da suka wuce, Inna na aunawa tana yi musu addu'a, suna amsawa. Hannunta dai bai daina aiki ba. Duk inda ta biya wani abu a kan buhunta sai ta ƙulla gefen mayafi. Mai dakon da ya kai shi tasha, ƙulli. Kuɗin mota, ƙulli. Shinge biyu inda ake tsayar da mota a duba lafiyar aljihun Direba, aka raba wa masu kaya kuɗin, ƙulli biyu. A bakin rafi aka sauke komai, don motar ba ta ratsawa da kaya, masu dako suka ɗauka a ka. Wanda ya ɗauki nata ya zame, kusurwar buhun ta sha ruwa, aka kuma biya shi duk da haka. Da ta kwance ƙulle-ƙullen ta haɗa, ta cire abin da ya jiƙe, mudun shinkafarta ya tsaya mata a dubu da ɗari huɗu da sittin, ban da kuɗin kujerarta. Ta sake lissafin sau uku. Ta zargi lissafin.

Tana tsaye a bakin ruwa da baƙin kwano a hammata, ta ga wata mafita. Sakin sa kawai za ta yi, ta ce rafi ya ƙwace. Sabon mudu ya wanke yaron, Inna ta ci gaba da kwanciyarta da mutuncinta. Ta sassauta hannu har kwanon ya fara zamewa, sai ta matse shi. Tun da take ba ta taɓa yar da abin da bai huje ba.

Da la'asar gari ya taru a barandar shago. Tsohon Hedimasta ya sa tabarau. Mai Shago ya ajiye makulli a kan tebur ya koma gefe, matarsa tana can bayan mata ba ta ko dubi Gwaggo ba.

"Nawa ne a birni?" in ji Hedimasta.

"Ɗari takwas."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Ɗaya daga cikin masu son makullin ya gyara zama ya matso kusa da tebur.

"A can ɗari takwas ne," in ji Gwaggo. "Kafin ta iso nan ta ci dako, ta ci mota, ta ci shinge, ta sha rafi. Tawa da na rako da kaina dubu da ɗari huɗu da sittin ta tsaya min. Wanda bai yarda ba ga mota nan, jibi za ta koma."

Ba wanda ya nemi kujera. Aka kawo mudun Mai Shago aka cika, aka juye a sabo. Ya cika cif, ko ƙwaya ba ta zube ba. Sai mai son makullin ya yi tari.

"Ai na birni ma tauyewa suke yi. Mu wanda muka sani shi ne baƙin kwano. Ko kuwa jini ne ya motsa, Gwaggo? Ɗan ƙani ai ɗa ne."

"A kawo baƙin kwano!" in ji mata.

Gwaggo ta gane cewa ko da ta ba rafi kwanon, da abin da za a ce ke nan, kuma da makullin ya tafi. Ta kwance zane ta ɗora kwanon a kan tebur kusa da makullin, ta taɓa bakinsa da yatsa ɗaya. Ya yi ta rawa a gaban kowa.

"Kun ga yana rawa? Mudun yaron nan daidai yake. Nawa ne ya yi ƙiba. An bubbuga masa gindi ya ƙara ciki. Na shiga ne, da shi Inna take karɓar hatsi. Akwai na fita, ƙarami, da shi take sayarwa. Ni na ɗauka ɗaki da waje take nufi."

Wani dattijo da ke jingine da sanda ya matso ya leƙa cikin kwanon kamar zai ga wani abu nasa a ciki.

"Ni da wannan aka auna min dawa shekara ashirin."

"Da shi, Baba."

"Ina ta godiya."

"Kana ta godiya. Ina tsaye, ni ke riƙe bakin buhu."

Dattijon ya jinjina kai, ya ce Allah ya jiƙan Inna, amma ya faɗe shi a gajarce. Hedimasta ya cire tabarau ya tura makullin wajen mai shi. Daga baya wata mata ta ɗaga murya ta ce, "To yanzu shinkafar za ta sauko?" Aka ce mata a'a. Mutane suka watse a hankali, sun zo da fushi sun rasa inda za su ajiye shi. Kafin su kai gida yawancinsu sun ajiye shi a kan Direba.

Gwaggo ta tsaya har baranda ta zama ba kowa. Mai Shago na mayar da shinkafar gwaji cikin buhu.

"Kai, zo nan. Ka sani?"

"Baba ya faɗa min ranar da aka ba ni makulli. Ya ce idan yayarsa ta zo da baƙin kwano, in cika mata in kama bakina."

"Shi ya sa ka ce in bar maganar."

"Shi ya sa."

"Shekara goma sha ɗaya kana ba ni yatsa biyu kyauta? A garin nan?"

"Ai ke kika goya ni, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallonsa. Idonta ya ɗan kawo ruwa, ta ce ƙurar buhu ce. Sannan ta dubi kantocin shagon ɗaya bayan ɗaya, sukari, gishiri, sabulu, mai.

"To a ina kake fanshewa?"

Na wani lokaci mata sun daina aikowa a tambaye ta ko sukari ya cika. Daga baya suka dawo, don ba wata mai haƙurin ƙirga ashana a garin. Baƙin kwano yana tsakar gidanta, kaji na shan ruwa a ciki, yakan kife idan zakara ya taka bakinsa. Da sabon mudu take zuwa shago yanzu, a auna mata cif, ba ƙari, ta biya dubu da ɗari biyar tana mita kamar kowa. A zuwan mota na uku ta tare Direba ta ba shi kuɗi ya sayo mata wani mudun, amma daga wani layi dabam, kuma kada ya bi ta wajen tsohon maƙerin nan. Tana so ta gwada sabon nata da shi.